Layi Ɗaya a Ƙasan Takardar Asibiti da Bai Kamata Mu Raina Ba



Akwai wani sakaci da muke yi a gidajenmu nan Kudu, kuma lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Mace za ta je asibiti saboda tari da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko bayan ta faɗi a kan babur. Likita ya sa a yi mata hoton CT na ƙirji. Sakamako ya fito, huhu lafiya lau. Amma can ƙasan takardar, likitan hoto ya ƙara layi ɗaya da Turanci: ya ga ɗan ƙullutu a mama, a je a sake dubawa. Tari ya warke, kowa ya yi hamdala, takarda ta shige durowa. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, ƙullutun ya girma, kaluluwa ta fito a hammata, sannan a fara neman takardar.

A ganinmu, wannan layin ya fi duk abin da ke sama da shi muhimmanci. Hoton ƙirji yana ɗauko mama ko ba a nema ba, don haka yakan nuno abin da hannu bai kai ga ji ba tukuna. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙullutai ba sankara ba ne: wani ruwa ne ya taru, wani tsiro ne marar illa da aka saba gani a jikin 'yan mata. Amma a cikinsu akwai sankarar mama ta gaske, musamman idan gefen ƙullutun bai da santsi, ko mai shi ta manyanta. CT ba don mama aka yi shi ba, shi kaɗai ba ya yanke hukunci.

Abin da ke biyo baya shi ne hoton mama na musamman da ake kira mamogiram, ko sikanin, wanda aka fi yi wa masu ƙananan shekaru. A sakamakon za ku ga an rubuta BI-RADS da lamba. Lamba 1 da 2 babu abin damuwa. Lamba 3 haɗarin bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, akan ce a dawo bayan wata 6. Lamba 4 da 5 sai an ɗebi ɗan nama da allura an gwada, domin a lamba 5 yiwuwar sankara ta kai kashi 95 cikin 100.

A nan ne muke yawan tsayawa. Mun taso muna jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar allura ta taɓa shi sai ya bazu. Wannan maganar ta ci rayukan iyayenmu mata da yawa. Gwajin allura shi ke bayyana ainihin ciwon, jinkiri kuwa shi ke ba shi damar yaɗuwa. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya ta nuna cewa a 2022 mata sama da 32,000 suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, sama da 16,000 suka rasu. Akasarinsu suna isa asibiti ne ciwo ya riga ya yi nisa. Wadda hoto ya tona nata tun yana ƙarami ta samu damar da dubban mata ba su samu ba.

Mun san akwai uzuri. Gwaji da tsada, ga kunyar likita namiji, ga bayani da Turanci ko Yarbanci wanda Hajiya za ta gyaɗa kai alhali ba ta gane ba. Amma mu da ke Idi-Araba muna maƙwabtaka da LUTH, 'yan Sabo a Ibadan ga UCH kusa da su. 'Yan uwanmu na ƙauye sai sun yi tafiyar yini kafin su ga irin waɗannan na'urori.

Don haka muna roƙo. Duk wadda aka yi wa hoto, kada ta bar asibiti sai an karanta mata takardar daga sama har ƙasa, ta tambaya: akwai abin da aka ce in sake dubawa? Idan tana jin nauyi, ta nemi ma'aikaciya mace. Maigida, kuɗin wannan gwajin ba ya cikin abin da ake ɗagawa sai kasuwa ta yi kyau. 'Ya'yanmu da ke aikin jinya ko karatun likita, ku taimaka wa maƙwabta da fassarar takardu. Maza ma ku sani, ana samun wannan ciwon a jikin namiji, ko da yake ba kasafai ba.

Yau da daddare a buɗe durowa, a fito da tsofaffin takardun hoto, a sake karanta layin ƙarshe.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara mana lafiya. Amin.