Martani: Ƙwayar Halitta Ba Salka Ba Ce

Malam, maƙalarka ta ce ƙwayoyin da suka lulluɓe bangon hanji da bututun ƙoda ba su da ta cewa: ruwa ya shiga su kumbura, ya fita su yanƙwane, kamar salka. Wannan magana ba ta da tushe. Da haka ne, da ƙwayoyin can ƙuryar ƙoda, inda kaurin gishiri da yuriya kan ninka na jini sau 4, sun daɗe da mutuwa. Idan ƙwaya ta kumbura, buɗe ƙofofi take yi ta fitar da potasiyam da kuloraid, ruwa ya bi su waje. Idan ta yanƙwane, sai ta jawo sodiyam da kuloraid, ruwa ya dawo cikin 'yan mintuna.

Za ka ce tara gishiri yana lalata furotin. Haka ne, shi ya sa idan matsin ya daɗe ƙwaya take maye gurbin gishirin da sobitol da betayin da inositol, waɗanda ba sa cutar da furotin. Ƙofofin ruwan da suka jawo wa Peter Agre kyautar Nobel a 2003 hanya kawai suke bayarwa. Ƙwaya ce ke zaɓar inda ruwan zai nufa.