Kafin A Auna Ɗakin Amarya, A Auna Jinin Ubanta

Duk wanda ya ƙetare gadar Kaduna ran Asabar ya nufi Kakuri, ko Makera, ko Barnawa, musamman cikin watan Sha'aban sa'ad da kowa ke gaggawar kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, ba zai rasa ganin rumfar biki a kowace unguwa ba. Wannan abin farin ciki ne, Allah ya ƙara albarka. Amma akwai wani mutum guda a kowane ɗaya daga cikin bukukuwan nan da ba a cika dubawa ba, a kansa kuwa na ke so in yi magana da 'yan'uwana malamai da akawuna. Mutumin nan shi ne uban amarya.

Bara wani babban malamin makarantar firamare a gefen Makera, wanda na daɗe da saninsa wajen aiki, ya tashi aurar da 'yarsa ta fari. Shekarunsa sun ɗan haura hamsin, likita kuwa ya daɗe da gaya masa yana da hawan jini, yana kuma shan maganinsa. Da aka sa rana, sai lissafi ya kama shi: ga gado, ga kujeru, ga kayan girki, ga gara, ga abincin baƙi. Ya ci bashi a ƙungiyar adashin ma'aikata, bai isa ba. Sai ya dubi kuɗin magani na wata-wata ya ce, ai jikina garau ya ke, bari a wuce biki tukuna. Wata biyu bai sha ko ƙwaya ɗaya ba. Saura kwana uku ɗaurin aure, yana tsaye a shagon kafinta suna ja-in-ja a kan cikon kuɗi, sai bakinsa ya karkace, ya zube. Ƙanensa ne ya karɓi sadaki a madadinsa, shi kuwa yana kwance a asibiti.

Kada mai karatu ya ce wannan tsautsayi ne kurum. Lalle kome da ikon Allah ya ke, amma Allah ya sa wa abubuwa dalilai, dalilin wannan kuwa sananne ne. Zuciyar mutum tana bugawa wajen sau 100,000 kowace rana, tana tura jini cikin jijiyoyi. In jijiyoyin suka ƙuntace ko suka yi tauri, tilas ta ƙara ƙarfi, kamar mai tura kura a kan tudu. Yau da gobe sai namanta ya yi kauri, daga baya ta gaji, mutum ya fara haki da kumburin ƙafa. Ko kuwa wata ƙaramar jijiya ta fashe ko ta toshe cikin ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Mugun abin shi ne cutar ba ta sallama. Mutum na iya yawo da ita shekaru ba ko ciwon kai. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa cikin manyan mutane uku na duniya ɗaya yana da hawan jini, kusan rabinsu kuwa ba su ma sani ba. In muka ɗauki wannan ma'auni muka shiga ɗakin malamai na kowace makaranta, kowa ya ƙirga da kansa.

To, ga abin da ke ba ni mamaki. Jama'armu sun waye ƙwarai game da auna ango da amarya. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta tilasta gwajin jini kafin aure, don a san rukunin jinin da ke haifar da sikila, a kuma duba cutar ƙanjamau da ciwon hanta, a nan Kaduna ma limamai da yawa su kan nemi ganin takardar asibiti. Madalla da wannan. Amma samarin nan biyu su ne mafi ƙarfin jiki a cikin taron duka. Wanda bikin ke neman kayarwa shi ne dattijon da ke biya, da uwar amarya wadda za ta yi mako guda tana kan ƙafa tsakanin murhu da baƙi, ba barcin kirki. Su kuwa ba mai tambayarsu takarda. Kafinta ya kan zo da igiyar awo ya auna ɗakin amarya kamu-kamu, amma ba wanda ya ɗaura wa mai biyan kafintan abin awo a dantse.

Dole kuma mu faɗi gaskiya game da aljihu, domin nan cutar ta ke samun ƙofa. Kakuri da a ke gani yau masaƙu ne suka gina ta. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, waɗansu suka biyo baya, dubban magidanta suna karɓar albashi suna aurar da 'ya'yansu ba tare da sun sunkuyar da kai ba. A 2002 KTL ta rufe, a 2007 babbar masaƙar UNTL ta tsai da aiki. Albashin ya tafi, amma al'adar kayan ɗaki ba ta bi shi ba, sai ma ƙaruwa da ta yi. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta yanke a 2024 naira 70,000 ne a wata. Kowa ya je ya tambayi kuɗin gado da katifa da kujeru, ya ga wata nawa ke nan. Addini kuwa bai ɗora mana wannan ba. Abin da malamanmu na Malikiyya suka ce shi ne mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, sauran duk mu muka ɗora wa kanmu don gudun bakin maƙwabta. Bakin maƙwabta kuwa ba ya biyan kuɗin asibiti.

Saboda haka shawarata ita ce, ran da aka sa rana, a cikin makon nan uba da uwa su tafi a auna su. Ga Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard duk a Kakuri, ga ƙananan asibitocin unguwa, har manyan kantunan magani da yawa suna da abin awon. Ba a huda jiki, ba ya kuma cin lokacin da ya kai na shan shayi. Mutum ya zauna ya huta kamar minti biyar tukuna, kada ya ci goro ko ya sha taba dab da awon. In aka ga 140 bisa 90 ko fiye, aka sake aunawa wata rana dabam aka ga haka, to, maganar likita ce. In ya kai 180 bisa 120, kada a kwana. Wanda kuwa ya riga ya fara shan magani, ya rubuta kuɗinsa a layin farko na takardar lissafin biki, sama da shinkafa. Maganin nan ba ya warkar da cutar, danne ta ya ke yi, ran da aka sake ta kuwa sai ta miƙe.

Akwai waɗansu ƙananan abubuwa da su kan taru a makon biki. Gishirin da ya kamata babban mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, watau wajen ƙaramin cokalin shayi guda, dunƙulen Maggi kuwa galibinsa gishiri ne, kowa ya san yadda a ke zuba shi a tukunyar biki. Goro yana hana barci, yana kuma sa zuciya gudu, ga shi ran ɗaurin aure kyauta ne. Sa'an nan ga ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da a ke saye a bakin titi don gajiya, su ma suna ɗaga jini in an dimance su.

Ita amarya ma ina da magana guda a kanta, ko da ya ke magana ce ta mata, sai su yi mini afuwa. An sami wata al'ada ta ba yarinya ƙwayoyin ƙiba kafin biki wai don ta cika ido. Da yawa daga cikinsu dexamethasone ne, magani mai ƙarfi wanda ke tara ruwa da gishiri a jiki, yana ɗaga jini da sukari. Abin da a ke gani kumburi ne, ba lafiya ba. Ga shi kuwa mai yiwuwa cikin shekara guda yarinyar nan ta ɗauki ciki, ciki kuma babban aiki ne ga zuciya. Tun cikin shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka nuna a Zariya cewa gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa ƙwarai, suka yi zargin kunun kanwa da zafin wankan jego. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya shugabanta daga baya ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma, kamar rama da hawan jinin masu ciki. Ko wane ne ya fi rinjaye, ba hikima ba ce a kai yarinya ɗaki da zuciyar da aka riga aka wahalar.

Na san wani zai ce, Malam, kai ma in taka ta zo haka za ka yi. Watakila. Ina da 'ya'ya mata, na kuma san nauyin idon dangi. Amma ku malamai da akawuna, ku a ke kawo wa takardar lissafin biki ku duba, ku a ke aikawa neman aure, ku ke zama waliyyai. In ɗayanku ya ce a rage kujera guda a sayi maganin wata uku, za a ji maganarsa fiye da ta malamin asibiti.

Abokin nan nawa ya tashi, alhamdu lillahi, yana takawa da sanda, amma hannun dama bai koma riƙon alli ba. Na je gaishe shi watan jiya, na tarar ana yanke masa bashin adashin daga albashi har yanzu. 'Yarsa ta biyu kuwa an kawo kuɗin gaisuwarta.