Ganuwar Jos da Ganuwar Gida

'Yan Arewa mazauna Ikko da Sabon Ibadan, in sun tashi zuwa gida ta hanyar Mokwa da Bida, a Lambata suke karyawa su nufi Suleja. Kaɗan ne daga cikinsu ke tuna cewa garin nan da suke ratsawa, wanda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarautar Haɓen Zazzau ta yi ƙaura, gari ne mai ganuwa. Yau gidaje sun mamaye ta, sai mutum ya yi tambaya kafin a nuna masa gurbinta.

Amma a Jos, cikin shekarun 1970, an gina kwaikwayon ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya da jar ƙasa, ƙarƙashin kulawar masanin gini Dmochowski, mutumin Folan. Aiki ne na a yaba, domin ya adana fasahar magina irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu. Sai dai ganuwa ba ado ba ce da za a ɗauke a girke a filin kallo. Darajarta tana ga garin da ta tsare, da kududdufan da aka haƙi ƙasarta, da talakawan da suka yi gayyar yaɓe ta bayan damina. Ta Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, ana ta yankan filaye a jikinta.

Ya kamata Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Masarautar Suleja su auna abin da ya saura, su kafa masa iyaka, kafin masu bulo su ƙarasa shi.