A Daina Sauke Mana Gawar Injin Wanki

Wata Asabar da hantsi uwargida ta ƙwala mini kira daga tsakar gida. Na fito na tarar ruwan kumfa ya malalo daga ƙarƙashin injin wanki, ya bi ta bakin madafa, ya jiƙa gindin buhun gero. Yara na ta tsanewa da tsumma. Wata biyar kacal da na ɗauko injin nan daga Maradi zuwa Madarunfa. Jika 120 na biya, kuɗin da na daɗe ina tarawa saboda ciwon bayan da ke damunta tun haihuwar autanmu.

Mai gyara ya zo ya buɗe, ya nuna mini robar da ta zagaye bakin ƙofar. Ta tsattsage kamar kaushin ƙafa da hunturu, kuma an liƙe wani gefe da baƙin gam wanda ya riga ya bushe ya tsufa. Ba a gidana aka shafa shi ba. Da ya zare matatar da ke ƙasa, yashi ya zubo tare da wani ɗan kwabon Turai mai tsatsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan inji ya gama aikinsa tun a can."

Na koma wurin wanda ya sayar mini. Ko tashi daga kan benci bai yi ba. Cewa ya yi, "Haba Malam, kayan wuta ai ba su da garanti, sa'a ce."

Wannan kalma ita ta fi ƙona mini rai. Sa'a? Ranar ciniki ya rantse mini cewa ɗan Jamus ne, bai jima da aiki ba. Ya jona shi a wuta, tukunya ta juya babu ko ɗigon ruwa a ciki, ya ce na gani da idona. Ta yaya za a gane yoyon inji a bushe? Ya san abin da yake ɓoyewa. Kowane ɗan makarantar allo ya san ɓoye aibin haja haramun ne, balle ɗan kasuwa mai furfura da carbi a hannu.

Kuma laifin bai tsaya kansa ba. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana jibge mana shara mai guba daga waje. Sai sharar ta sauya suna, ta koma "kayan gwanjo". Abin da Bature zai biya kuɗi a raba shi da shi, shi ake cusawa a kwantena, a goge masa jiki, mu kuma mu biya kuɗin jirgi da na kwastan da ribar dillalai. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Wa ke duba ko kayan nan na aiki kafin a bar su su shigo? Wa talaka zai kai wa ƙara?

Ko lafiyayye ne ma, injin mai ƙofa a gaba don gidan Turai aka ƙera shi. Yana son famfo mai ƙarfi da wuta tsayayya. Abin dumama ruwan da ke cikinsa kaɗai na cin wajen wat 2000, mu da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, har ya busar da roba ya fasa ta. Wutar kuwa duk mun ɗanɗana: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse mana layi a watan Agusta, muka shafe watanni a duhu. Yau ma takan zo da rauni, ta ɗauke, ta dawo da ƙarfi, kuma dawowar ce ke ƙona ƙwaƙwalwar irin wannan inji. In ta ƙone, sai ka nemi irinta har Kano. Ba ɗan kasuwar da ke faɗa wa mai saye wannan.

Sabo na saya yanzu, mai tukwane biyu, ɗaya ta wanki ɗaya ta matsa. Da bokiti ake zuba masa ruwa, wutar da yake ci ba ta kai rabin ta wancan ba, ba shi da ƙwaƙwalwar da za ta ƙone, kuma bel da tiyo ɗinsa suna nan a kasuwa. Na haɗa da na'urar daidaita wuta. Amma kafin in zaro ko dala, na ce sai an cika shi da ruwa, ya yi wanki ya zubar a gabana, a kuma rubuta mini takarda da sunan shago da kwanan wata. Shaguna biyu suka ƙi, ɗaya har da cewa na cika ƙorafi. Na uku ya aiki yaronsa ya ɗebo ruwa.

Tsohon yana nan a zaure. Ƴan gwangwan sun taya, na ƙi, don na san gogewa za a yi a sake sayar wa wani bawan Allah a Ɗan Isa ko Jibiya. Ranar Litinin zan ɗora shi a mota in sauke wa mai shi a ƙofar shago, da robar da ya liƙe rataye a jikinsa, kowa ya gani.