Uwargida, Kada Ki Zama 'Yar Rakiya

'Yan'uwana mata, a Amurka tsofaffin ma'aikata suna da wata al'ada. Idan maigida ya yi ritaya, sai shi da matarsa su sayi ɗan ɗaki mai tayoyi, da gado da murhu da makewayi a ciki, su ɗaura shi a bayan mota, su shiga yawon ganin ƙasa wata da watanni. Wasu kan bi tsohuwar hanyar nan Route 66, wadda aka buɗe a 1926, daga Shikago zuwa Kalifoniya, kusan kilomita 4,000. A nahiyarmu ma, a 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya ja ayarin irin waɗannan ɗakuna 41 daga Kef Tawun zuwa Alƙahira.

To, ni a ganina babban kuskure ne mace ta bar wa maigida shirin tafiyar farko shi kaɗai.

Da farko, wa ke shirya kaya? Uwargida ce. Masana sun ce nauyin da ke sauka kan maɗaurin mota ya zama kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗakin duka. In ta jibge tukwane da jarkokin ruwa can baya, ɗakin zai riƙa lilo a kan titi, har ya iya kifar da motar. Ashe rayukansu suna hannun mai jera tukwane.

Na biyu, tsufa ba ya sallama. In ciwo ya kama maigida a tsakiyar daji, wa zai riƙe sitiyari? Dole uwargida ta koyi tuƙi da jan ɗakin, har da komawa da baya, tun a gida.

Na uku, mota mai jan kaya tana shan mai ƙwarai, ga kuɗin fensho ba yawa. Su zauna tare su lissafa mai, abinci, magani da kuɗin masauki, sa'an nan su yi gwajin kwana biyu kusa da gida kafin doguwar tafiya.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku raina lissafi da labarin ƙasa. Wadda ta iya karanta taswira da riƙe kuɗi, da ita ake shawara. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.