Murfin Zarto Ba Ado Ba Ne: Nauyin Da Ke Wuyan Iyayen Gidan Kafintoci

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Koki da hantsi ya san wannan ƙarar. Wani gida ake sauya wa rufi, ko ana haɗa ƙyaure, ko kayan ɗakin amarya ake gyarawa. Da yake babu fili a ciki, sai kafinta ya baje katakonsa a ƙofar gida, ya jawo waya daga zaure, ya kunna zarton lantarki. Aikin da a da ake wuni ana yi da zarton hannu, yanzu kafin azahar an gama. Wannan ci gaba ne, babu mai ja.

Sai dai mai lura zai ga wani abu a jikin da yawa daga cikin zartunan nan. Murfin da ke rufe ƙasan faifan, wanda ke komawa da kansa da zarar an gama yanka, an ɗaure shi da waya, ko an tokare shi da guntun katako, ko ma an kwance shi an jefar. Idan aka tambaya sai a ce yana rage sauri. Yaron shagon da ke tsaye yana kallo kuwa, abin da zai ɗauka shi ne haka ƙwararru suke yi.

A nan matsalar take. Yawancin raunin da injinan nan ke yi, an san sanadinsa tun kafin ya faru, kuma an san maganinsa. Wanda ya fi kowa ikon hana shi shi ne maigidan shago, domin shi ke sayen injin, shi ke koyar da riƙonsa, kuma halinsa yara ke kwaikwayo.

Ɗan lissafi kaɗan

Zarton hannu na lantarki da aka fi gani a kasuwa yana da faifai mai faɗin milimita 185, kuma yana juyawa kimanin sau 5,500 a minti ɗaya. Wato sama da sau 90 ke nan a sakan guda. Bakin faifan yana gudun kusan kilomita 190 a awa.

Mutum mai lafiya, wanda hankalinsa ke kan aikinsa, yana buƙatar kusan rubu'in sakan kafin ya janye hannu daga haɗari. A cikin wannan ɗan lokaci faifan ya juya sau ashirin da 'yan kai. Idan mai haƙora 24 ne, haƙora sama da 500 sun wuce ta wurin da yatsan yake. Saboda haka maganar "ai ina da zafin nama" ba ta da muhalli a gaban zarto. Babu kafintan da ya fi faifai sauri, komai daɗewarsa a sana'a.

A Amurka, inda ake tattara alƙaluma, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta CPSC ta ƙiyasta cewa zarton tebur kaɗai yana raunata mutane kimanin 30,000 a shekara, kuma dubbai daga cikinsu suna rasa yatsa. Wannan a ƙasar da injin ke zuwa da cikakkun kayan kariyarsa ke nan.

Tutsun zarto

Ɗaya daga cikin manyan haɗurran shi ne abin da za a iya kira tutsu. Idan tsagin da ake yankawa ya matse faifan, ƙarfin injin ba ya ɓacewa, komawa yake yi ya cilla zarton baya, wajen cinyar mai riƙe da shi. A zarton tebur kuwa katakon ne ke dawowa da ƙarfi ya bugi ciki ko ƙirji, wani lokaci ya ja hannu zuwa kan haƙora.

Abubuwan da ke jawo tutsu sanannu ne: ɗanyen katako ko murɗaɗɗe, faifan da ya dakushe, ƙusar da ta saura a tsohon katako, da kuma ɗora katako a kan benci biyu a yanka tsakiya, ta yadda ɓangarorin biyu za su lotsa su cafke faifan. Maganinsu ma sananne ne. A tallafi katakon yadda guntun da aka yanke zai faɗi ba tare da ya matse faifai ba. A daidaita zurfin yanka yadda haƙoran za su leƙo kaɗan kawai a ƙasan katako. A riƙe injin da hannu biyu, a tsaya a gefe, kada jiki ya yi saiti da layin yanka. A ɗaure katakon a benci maimakon a taka shi da ƙafa ko a dafe shi a kan gwiwa. Kuma a bari faifan ya tsaya cak kafin a ajiye injin. Zarton da aka ɗaure murfinsa, idan aka ajiye shi a ƙasa yana juyawa, tafiya yake yi da kansa, kuma abin da ya fara tararwa shi ne ƙafar da ke cikin silifa.

Dabaru uku masu cin yatsa

Akwai wasu halaye uku da ƙarancin kuɗi da rashin tsayayyar wuta suka haifar, waɗanda ya kamata a kira su da sunansu.

Na farko shi ne ɗaura faifan zarton katako a kan giranda, wato injin da masu walda ke yanka ƙarfe da goge shi. Ƙaramin giranda yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti, ninki biyu na zarton katako. Ba shi da farantin da zai zauna a kan katako, kuma sau da yawa sai an cire murfinsa kafin faifan ya shiga. Kowane faifai akwai iyakar gudun da aka rubuta a jikinsa, kuma wuce wannan iyaka na iya sa haƙori ya ɓalle ya tashi kamar harsashi. Su kansu faya-fayan yankan ƙarfe suna da wa'adi, wanda galibi ake bugawa a zoben ƙarfen da ke tsakiyarsu. Masu dubawa kafin su saya ba su da yawa.

Na biyu shi ne teburin haɗin gida, inda ake kifa zarton hannu a ƙarƙashin falanki, a ɗaure makunninsa da roba don ya yi ta juyawa. Irin wannan tebur ba shi da murfi, ba shi da siririn ƙarfen da ke tsayawa bayan faifai don hana tsagi rufewa, kuma ba shi da wurin kashewa na gaggawa. Idan dole sai an yi aiki a tebur, to aƙalla a samu sandar tura katako. Guntun katako ne da kowane kafinta zai iya sassaƙawa cikin minti biyar, amma shi ke shiga tsakanin yatsa da haƙora.

Na uku ya shafi wutar lantarki. Ana tsakar yanka sai a ɗauke wuta, ko janareta ya mutu. Mai aiki ya ajiye injin makunninsa na kunne, ya tafi salla ko cin abinci. Yaro ya zo share garin katako, ko ya sa hannu zai sauya faifai, sai wuta ta dawo. Wuta ba ta sallama. Ƙa'idar a nan guda ce: da zarar an ɗauke wuta a kashe makunni, a zare filogi. Haka nan duk lokacin da za a taɓa faifai, ko da na sakan biyu ne.

Lungu ba shago ba ne

A kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa, yawancin waɗanda ke kusa da injin 'yan sana'a ne. A Koki da maƙwabtanta na cikin ganuwa lamarin ya bambanta. Gidaje a manne suke da juna, hanya ƙunci gare ta, kuma wurin da kafinta ya baje kayansa shi ne hanyar yara zuwa makarantar allo da Islamiyya, hanyar mai tallan abinci, hanyar dattijo zuwa masallaci. Waya mai ɗauri-ɗauri da salatif tana kwance kusa da kwata. Idan damina ce, ruwa na bin ƙarƙashinta.

Don haka tsaron injin a irin wannan unguwa ya wuce batun mai riƙe da shi. Mai aiki a ƙofar gida ya wajaba ya tare wurin da benci ko igiya, ya sa wani ya riƙa korar yara, ya ɗaga waya daga ƙasa, kuma kada ya bar injin a jone ya ba da baya. Shi ma mai gidan da ya kira aiki yana da haƙƙin cewa ba za a yi masa aiki da zarto marar murfi a ƙofarsa ba, tunda 'ya'yansa ne ke kai-kawo a wurin.

Sutura ma abin dubawa ce. Kaftani mai faɗin hannu, carbi a wuya ko a hannu, da rawanin da aka yafa don ƙura, duk faifai na iya fizgarsu. Haka safar hannu, tana da amfani wajen ɗaukar katako, amma kusa da abin da ke juyawa haɗari ce, domin idan haƙori ya kama ta da hannun zai tafi.

Akwai kuma raunin da ba ya fitar da jini. Ƙarar zarto takan kai ma'aunin desibel 100 ko fiye, alhali daga 85 ake fara gargaɗin lalacewar ji ga mai yin awa takwas a cikinta. Garin katako kuwa, tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar. Tabarau na kariya, abin toshe kunne da takunkumi, kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na faifai mai kyau guda ɗaya ba.

Hujjojin da ake kawowa

Masu cire murfi suna da hujja, kuma ya dace a saurare su. Suna cewa murfin yana maƙalewa, musamman a yankan kusurwa. Gaskiya ne, amma yawanci garin katako ne ya toshe shi, ko ɗan ƙarfen da ke mayar da shi ya saki, kuma a jikinsa akwai mariƙin da ake ɗaga shi da yatsa a fara yanka sannan a saki. Gyara yake buƙata.

Suna cewa injin mai inganci ya yi tsada. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai araha ba ta ado. Kafintan da ya rasa babban yatsa ya rasa riƙon guduma da kurfi, ga jinya, ga iyali suna jiran cefane. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, ba ta cika isa ga yaron shagon da ba shi da takardar ɗaukar aiki ba. Nauyin kan koma kan iyayensa.

Hujja ta uku ita ce ƙaddara. Babu Musulmin da ke musun ƙaddara, amma malaman da Koki ta yi suna da su sun daɗe suna karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙon sababi. Wanda ya kwance murfi da hannunsa, sannan ya miƙa wa ɗan mutane injin, akwai amanar da za a tambaye shi.

Abin da mai saye zai duba

Fasaha ta yi nisa a wannan fanni. A 1999 wani Ba'amurke mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro tsarin SawStop, wanda ke gane taɓawar fatar mutum ta hanyar siginar lantarki, ya tsayar da faifai cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na sakan. Irin wannan tebur ya fi ƙarfin aljihun yawancin kafintocin Kano. Amma akwai abubuwan da suka fi sauƙin samu. Akwai zarto mai birkin lantarki, wanda faifansa ke tsayawa cikin 'yan sakanni. Kamfanoni irin su Bosch da Makita suna yin giranda da ba ya tashi da kansa idan wuta ta dawo. Akwai makunnin tebur mai maganaɗisu da ke kashe kansa idan an ɗauke wuta. Akwai kuma ƙaramar na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta idan ta fara bi ta jikin mutum.

Mai zuwa sayen injin a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, bayan ya tambayi ƙarfinsa, ya kamata ya ja murfin ya saki ya ga ko yana komawa da sauri, ya duba lafiyar waya, ya nemi takardar bayani, ya kuma yi hattara da jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. Hukumar SON ma tana da aiki a nan, domin faifan jabu ba a gane shi sai ranar da ya tarwatse.

Idan kuma tsautsayi ya auku, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya cire a naɗe shi a tsumma mai danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar a ruwan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kada a zuba toka, fetur ko baƙin mai. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Murtala duk ba su da nisa da Koki, kuma kowace awa tana da muhimmanci.

Doka ta riga ta yi magana, domin dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta rufe sassan injin masu haɗari. Amma jami'in Ma'aikatar Ƙwadago ba zai leƙa kowane lungu ba. Waɗanda za su iya su ne ƙungiyoyin kafintoci, masu unguwanni, da iyayen da ke kai 'ya'yansu koyon sana'a. Uban da ya tambayi maigidan shago ko nawa zai riƙa ba yaron na abinci, ya dace ya ƙara da cewa a nuna masa zarton da ɗansa zai riƙe.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka koya wa zare filogi a makonsa na farko zai riƙe wannan ɗabi'a har ya buɗe nasa shagon, ya koya wa na bayansa. Maigidan da ya yaye yara ashirin kowanne da yatsunsa goma, shi ya cancanci a kira gwani a wannan sana'a.