Wuta mai tsabta ma haƙƙi ce

Tun 1976 da layin Birnin Kebbi ya iso Yamai, zancen jama'a kan lantarki guda ne: an kawo ko an ɗauke. Amma akwai wata cuta da ba a gani. Wutar da NIGELEC ke rabawa tana kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa, bisa tsari. Injin walda, na'urar cajin batir da akwatin juya wutar hasken rana ba su shan ta sannu a hankali, fizgarta suke yi. Wannan fizga ke haifar da baƙin kaɗawa, sau 150, 250 ko 350, su koma cikin waya su shiga gidan maƙwabci. Sai taransifoma ya yi zafi, injin niƙa ya ƙone tun kwanansa bai kai ba, mai shi kuwa ya ɗora laifi ga kamfani.

Tsohuwar matata ta kwandansa da naɗin waya kaɗawa guda aka auna mata. Matatar zamani ita ce mai auna wutar kowane lokaci, ta gano gurɓatar, ta turo kishiyarta nan take don su kashe juna. Tana da tsada, gaskiya ne, amma taransifoman unguwa ma ba kyauta ake samo shi ba.

Saboda haka ya kamata hukuma ta wajabta wa masana'antu da manyan ma'aikatu na Maraɗi, Damagaram da Tawa su girka ta a ƙofarsu, inda gurɓatar ke tasowa, kafin a ja masu layi.